Hanyar Kewaye a Konongo da Anyinam: In Mota Ta Daina Ratsa Gari, Wa Ya Ci Riba, Wa Ya Yi Asara?

Shin hanyar da aka karkatar ta bayan gari tana raya garin ne, ko tana kashe shi? Tambayar ta daɗe a bakin mutanenmu a Kumasi ta ƙasar Gana, daga tashar Asafo har majalisun dare na Aboabo da Asawase, musamman tun 2023 da aka fara aikin hanyoyin kewaye guda huɗu a kan titin Akra zuwa Kumasi: a Osino, Anyinam, Enyiresi da Konongo. Tambayi direba, kafin ka rufe baki zai ce a gama da wuri. Mai gidan abinci a bakin titin Konongo kuwa, da matar da ke miƙa burodi ta tagar mota, lissafinsu daban ne. Kowannensu gaskiyarsa yake faɗa.

Abin da ke damuna shi ne musun ya tsaya a kan "a yi" da "kada a yi", alhali wannan gaɓar an wuce ta tuni. Abin da zai raba mai dariya da mai kuka yana cikin zanen aikin: ta ina layin zai bi, ina za a sa mahaɗa, ina mota za ta iya tsayawa, kuma sunan wa ya shiga takardar diyya. Waɗannan kuwa ana yanke su ne tun kafin a ga katafila ko ɗaya a daji.

Mece ce hanyar kewaye?

Hanyar kewaye, wadda direbobi ke kira baifas, sabon titi ne da ke rabuwa da babbar hanya kafin ta shiga gari, ya zaga ta gefe, ya sake haɗuwa da ita bayan an wuce garin. Tsohon titin yana nan, ba a rufe shi. Mai harka a cikin gari ya bi shi, wanda hanya ce kawai ta biyo da shi ya bi ta waje.

Ana yawan cakuɗa ta da wasu abubuwa. Tagwaita hanya shi ne a mai da titi biyu, ɗaya na masu zuwa ɗaya na masu dawowa, da shinge a tsakani. Ana iya tagwaita hanya ba tare da ta bar cikin gari ba. Titin zobe kuma yana zagaye babban birni ne ta kowace fuska. Sai babbar hanyar gudu, wadda ba a shiga ko fita daga cikinta sai a wuraren da aka keɓe, ba ruwanta da kowane gari. Ayyukan nan huɗu sun haɗa biyu a lokaci guda: kewaye ne, kuma tagwaye ne. Na Anyinam shi ne mafi gajarta, kilomita 6 da ɗoriya. Na Konongo ya fi tsawo, ya haura kilomita 13. In aka haɗa su duka sun ɗan zarce kilomita 40, a kan hanyar da tsawonta ya kai kimanin kilomita 250. Ba su ne na farko ba: Nsawam da Nkawkaw sun fi shekara goma da samun nasu.

Me ya sa aka ga ya zama dole?

Motocin da ke bin tsakiyar Konongo iri biyu ne. Akwai na gida: tasi, trotro (ƙananan bas-bas na haya), babur, motar da ta kawo kaya kasuwa. Akwai kuma masu wucewa, waɗanda babu abin da ya haɗa su da garin sai dai kwalta ta ratsa ta nan. A wannan hanya masu wucewar ba ƙananan motoci ba ne. Kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema na Burkina Faso, Mali da Nijar, ta nan tireloli ke ɗaukar su, su ratsa Kumasi, su miƙe Techiman, Tamale, Bolgatanga har iyakar Paga. Ta nan kuma albasar Nijar, tumatirin Burkina da shanun arewa ke gangarowa kudu. Ga tankokin mai, ga manyan bas-bas da ke zirga-zirga dare da rana.

Duk wannan jerin gwano sai ya matse a titi mai hannu biyu, a gaban kasuwa, makaranta da tashar mota. Tasi ɗaya ya tsaya ɗaukar fasinja, tirela goma sun tsaya a bayansa. Ga lissafi mai sauƙi, a matsayin misali: kilomita 6 a cikin gari da gudun kilomita 20 a awa, minti 18 ke nan, a buɗaɗɗen titi da gudun 80, ƙasa da minti 5. Ka ninka wannan a kowane gari, za ka gane dalilin da tafiyar da bai kamata ta wuce awa huɗu ba take cinye biyar, shida, ranar da tirela ta lalace a tsakiyar titi kuwa sai yadda hali ya yi. Mai tumatir ya san abin da awa biyu a rana ke yi wa akwatinsa. Mai shanu ya san adadin da ke durƙusawa a cikin mota.

Dalili na biyu shi ne rai. Ƙididdigar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa na nuna fiye da mutum 2,000 ke mutuwa a titunan Gana kowace shekara, kuma masu tafiya a ƙasa suna da kaso mai yawa a ciki. Dokar hanya ta 2012 ta kayyade gudun kilomita 50 a cikin gari, 30 a kusa da makaranta ko kasuwa. Direban da ya taso da 90 daga daji, da buhun siminti ɗari shida a bayansa, ba ya saukowa 30 don ya ga allo. Shi ya sa garuruwa ke cika titi da tudun rage gudu, tudun kuma ya ƙara cunkoso, ya karya sifirin mota.

Wani zai ce, to me ya hana a faɗaɗa titin a inda yake? Kuɗi da rusau. Gine-ginen da suka fi tsada a kowane ƙaramin gari su ne na bakin titi: shaguna, bankuna, benaye, coci da masallaci. Rushe su da biyan masu su yakan fi sayen gona a bayan gari tsada. Kuma ko an faɗaɗa, an raba garin gida biyu ke nan da titi mai hannu huɗu wanda tsohuwa ba za ta iya tsallakawa ba.

Yadda ake zana layin

Manyan hanyoyin da ke haɗa yankuna suna hannun Hukumar Manyan Hanyoyi ta Gana, wadda aka kafa a 1974, ƙarƙashin Ma'aikatar Hanyoyi. Aikin yakan fara da ƙidaya: mota nawa ke wucewa a yini, nawa ne manya, nawa ne ƙanana. Sai a riƙa tsayar da direbobi ana tambayarsu daga ina, zuwa ina. Wannan tambayar ce ginshiƙi. In yawancin motocin cikin garin suka nufa, kewaye ba zai rage komai ba. In yawancinsu wucewa suke yi, kewaye zai yi aiki.

Daga nan injiniyoyi su fitar da layi biyu ko uku a taswira, ta wannan gefen gari ko ta wancan, kusa ko nesa. Kowane layi da tsadarsa. Na kusa gajere ne, amma yana cin gidaje, kuma gari zai cim masa da wuri. Na nesa yana tsira daga gidaje, amma yana cin gonaki, yana buƙatar ƙarin kwalta, kuma yana nisanta ciniki daga gari. Ƙasar ma tana da nata hukuncin. Wajen Osino da Anyinam akwai kogin Birim da fadamunsa, akwai kuma ramukan masu haƙar zinariya da suka bar ƙasa a sake. Duk inda za a yi gada ko ciko, kuɗi ya tashi. Kaurin kwaltar kuma da nauyin tirela ake auna shi. Injiniyoyi sun daɗe da gano cewa in nauyin da ke kan aksul ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Saboda haka ne ake kafa sikelin manyan motoci, kuma saboda haka ne titin da aka bar wa lodin wuce kima ba ya kai shekarun da aka yi masa alkawari.

Sai mataki na gaba, wanda ya fi shafarmu. Tun 1999 dokar muhalli ta wajabta a yi nazarin illar babban aiki irin wannan ga ƙasa da mutane kafin Hukumar Kare Muhalli ta ba da izini, kuma a cikin nazarin akwai tuntuɓar jama'ar da abin ya shafa. Nan ne ƙofar take. A wannan lokaci layin yana kan takarda, ana iya gusar da shi mita ɗari don a tsirar da maƙabarta, ana iya ƙara mahaɗa, ana iya ware fili don tasha. Da zarar safiyo ya kafa turaku, an ba ɗan kwangila takarda, kowane canji ya zama ƙarin kuɗi, ƙarin kuɗi kuwa ba a son jin sa. Tun ran gini tun ran zane.

Abin takaici, irin wannan taro akan yi shi da safe a fadar sarkin gari ko a zauren majalisar gunduma, da Turanci ko Twi, a ranar aiki. Mai shayi yana kan teburinsa. Mai faci yana ƙarƙashin mota. Sarkin Zango, in an gayyace shi, sau da yawa a matsayin baƙo mai daraja yake zama, ba a matsayin wanda ya zo da jerin buƙatu a rubuce ba.

Shin da gaske gari yana mutuwa?

Mu Hausawan wannan ƙasa bai kamata a ba mu labarin abin da sauyin hanya ke yi wa gari ba. Sunan unguwanninmu ma daga hanya ya fito. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya, a shayar da jakuna, a kwana, a tashi. Kakanninmu fataken Gwanja sun mai da Salaga babbar kasuwar goro domin a nan hanyoyi suka haɗu. Bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, cinikin goro ya fara karkata zuwa Kintampo da wasu kasuwanni. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya ƙarasa watsa fatake zuwa Kete Krachi, Yeji, Kumasi da sauran wurare. Duk da haka tsohuwar hanyar mota daga Kumasi zuwa Tamale ta ci gaba da bi ta Mampong, Ejura, Atebubu, a haye ruwa da jirgin fito a Yeji, a faɗa Salaga. Da aka gama madatsar Akosombo a 1965, tafki ya cika, babbar hanyar arewa ta koma ta Techiman da Kintampo. Dubi Techiman yau, ka dubi Salaga. Saboda haka in tsohuwa a Konongo ta ce tana tsoro, ba shirme take yi ba.

Amma akwai bambanci, kuma dole a faɗe shi. Salaga hanya ta bar ta da tazarar tafiyar yini. Konongo za a kauce mata ne da 'yan kilomitoci. Kuma garuruwan nan sun riga sun sha irin wannan sau ɗaya: layin dogo na gabas da aka kammala a 1923 shi ya ɗaga Nsawam, Anyinam, Nkawkaw da Konongo, da jirgin ya daina zuwa kuma ba su mutu ba, sun jingina da titi. Gari mai ƙafafu da yawa ba ya faɗuwa don an cire ɗaya. Konongo hedikwatar gunduma ce, tana da kasuwar da ƙauyuka ke ci, makarantu, asibiti, koko da tarihin zinariya. Nkawkaw ita ce ƙofar hawa tudun Kwahu, kuma kewayen da aka yi mata bai hana ta cika ta batse ba lokacin bikin Ista. Wanda ke sayar wa mutanen gari shinkafa, siminti ko magani, kewaye ba zai taɓa shi ba. Ƙila ma ya ji daɗi, domin mai saye zai sami inda zai ajiye mota.

Wanda ke shan wuya shi ne wanda abincinsa ke rataye da tsayuwar mota. A lura, tsayuwa na ce, ba wucewa ba. Motar da ke gudun 90 ba ta sayen burodi. Cunkoson da direba ke tsine wa, shi ne kasuwar mai talla. Su wane ne waɗannan? Masu tallar burodi da soyayyar doya, masu ruwan leda, mai shayi da ƙwai, mai tsire, mai tuwo da mai wake da shinkafa da direbobin arewa suka saba da tukunyarta, mai faci, bakanike, mai gyaran wutar mota, mai wankin mota, mai gadin tireloli da dare, mai ƙaramin masauki. Duba jerin nan da kyau, ka ƙirga nawa ne 'yan Zango a ciki. Direban da ya taso daga Yamai ko Wagadugu, in ya tsaya a garin da ba ya jin harshensa, Zango yake nema: inda zai yi alwala, ya yi salla, ya ci abin da ya yarda da yankansa, ya yi hira da Hausa. Wannan ciniki ne da aka gina shekara da shekaru a kan sabo da amana, kuma babu shi a cikin kowace taswira.

Mun ga samfurin abin a Nsawam, garin da sunansa ya tafi tare da burodi. Da motoci suka koma waje, masu talla da yawa suka bi su da farantansu zuwa bakin sabon titi, inda babu rumfa, babu inuwa, motar kuma da gudu take zuwa. Mun sake gani a Nuwamba 2021, lokacin da gwamnati ta dakatar da karɓar kuɗin hanya a duk faɗin ƙasa. Dare ɗaya motoci suka daina tsayawa a rumfunan karɓar kuɗin, kuma kasuwannin da suka tsiro a kewayensu suka watse. Titin bai gusa ko taku ɗaya ba, tsayuwar ce kawai aka cire.

Na taɓa zama da wani dattijon direba a Aboabo wanda ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Tema da arewa, na tambaye shi ko zai riƙa ratsewa cikin gari don tsohuwar mai tuwonsa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, in akwai inda zan juya motar in fito ba wahala, zan shiga. In babu, sai dai ta yafe mini." Amsar nan ta fi mini dogon bayani. Zumunci yana nan, amma tirela mai taya ashirin da biyu ba ta juyawa a lungu.

Diyya: wa doka ta gani, wa ba ta gani ba?

Sashe na 20 na Kundin Tsarin Mulkin 1992 ya ba gwamnati ikon karɓar fili don amfanin jama'a, amma da sharaɗi: a biya diyya ta adalci, wadatacciya, kuma ba tare da jinkiri ba, mai filin kuma yana da damar zuwa Babbar Kotu in bai gamsu ba. In an tashi mutane daga mazauninsu, sashen ya ce a sake tsugunar da su a wurin da ya dace da rayuwarsu da al'adarsu. Dokar Filaye ta 2020 ta ƙara da cewa a tanadi kuɗin diyyar a asusu na musamman kafin a karɓi filin. Sashen kimanta kadara na Hukumar Filaye shi ke sa wa gida, fili da amfanin gona farashi. A takarda dai babu laifi.

Matsalar tana wajen tambayar: wane ne mai shi? Kimanin kashi 80 cikin 100 na filayen Gana suna hannun sarautu da dangogi. A ƙasar Akyem da Asante, asalin filin na kujerar sarauta ne ko na dangi, don haka kuɗin ƙasar can yake nufa. Mai gini ana biyan sa gininsa, mai shuka ana biyan sa shukarsa. To amma wa ya shuka? Gonakin koko da yawa a wannan yanki 'yan arewa ne ke kula da su bisa tsarin abusa, inda mai aiki ke ɗaukar kashi ɗaya cikin uku, ko abunu, inda ake rabawa biyu. Yarjejeniyar sau da yawa ta baka ce, shaidunta ma wasu sun rasu. Ranar da masu ƙidaya suka zo, in mai gonar ne kaɗai ya tsaya a gabansu, sunansa ne kaɗai zai shiga. Wanda ya yi shekara goma sha biyar yana sassabe da feshi zai ji labari ne a gari. Kuma itacen koko ba rogo ba ne: sai ya shekara uku zuwa biyar kafin ya fara ba da 'ya'ya, don haka ko an ba ka sabuwar gona, da me za ka ci kafin nan?

Haka zancen yake a Zango. Yawancin unguwanninmu sarkin gari ne ya nuna wa kakanninmu wuri ya ce ku zauna, aka kai goro da abin gaisuwa, shi ke nan. Gidaje da yawa ba su da takarda, wasu kuma na gado ne da ba a raba ba, magada sun kai ashirin, rabi suna unguwar Nima a Akra, rabi suna Kumasi. Sannan a tuna ina Zango yake zama: a gefen gari. Maƙabartarmu, filin idi, mahauta da kara, duk a bayan gari suke, wato daidai inda alƙalamin injiniya ke neman fili mara gini. Kabari kuwa ba abin da za a yi cinikinsa da kuɗi ba ne. In za a kare shi, a lokacin zane ake kare shi.

Akwai kuma ranar rufe ƙidaya. Duk abin da aka gina ko aka shuka bayan wannan rana ba a biyan sa. An sa ta ne don hana masu kafa bukka cikin dare su ci banza, kuma da hujja. Amma tana cutar da wanda ya yi tafiya, ko wanda bai ji sanarwa ba. In Bankin Duniya ne ya ba da bashin aiki, ƙa'idarsa ta tilasta a taimaka wa wanda aka tasa ko da ba shi da takarda. In kuɗin gwamnati ne zalla, dokar gida ce ke aiki, ita kuma ta fi ganin mai mallaka.

Sai babban giɓin. Mai tuwon da ke tsohon titi ba a taɓa rumfarta ba, ba a karɓi taku ɗaya na filinta ba. Abokan cinikinta kawai aka ɗauke. Dokar diyya ba ta san wannan asara ba, domin babu wanda ke da haƙƙin mallakar motocin da ke wucewa ta ƙofarsa. A ganina nan ne rashin adalcin yake, ko da ba da gangan aka yi shi ba: mai fili a bakin sabuwar mahaɗa zai wayi gari filinsa ya ninka daraja, wataƙila ma ya karɓi diyyar gefen da aka ci, ita kuwa wadda ta rasa komai ba ta cikin lissafi. Kuma waɗanda suka fara ganin taswira su ne ke fara sayen filayen nan.

Haɗarin ba ya ƙarewa, ƙaura yake yi

Cikin gari zai sami sauƙi, wannan babu shakka: ƙarar birki da dare, hayaƙi, fargabar tankar mai a gaban kasuwa, duk za su ragu. Amma sabon titin titin gudu ne, kuma ya ratsa tsakanin mutane da gonakinsu. Manomin da ke fita da adda da asuba, matar da ke dawowa da itace a ka, ɗan makarantar ƙauyen da ke hayin titi, duk sai sun tsallaka hannu huɗu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa fiye da sau huɗu tsakanin gudun kilomita 50 da 65. To ina ga 90?

'Yan'uwanmu na unguwar Madina a Akra ba su manta Nuwamba 2018 ba, lokacin da mota ta kashe wata ɗaliba a titin Madina zuwa Adenta, jama'a suka fito suka tare hanya, domin an buɗe titin an bar gadojin masu tafiya a ƙasa ba a gama ba. Sai bayan nan aka kammala su. Wurin tsallakawa, ko ta sama ko ta ƙarƙashi, ba ado ba ne da za a ƙara in kuɗi ya ragu. Kuma dole a sa shi inda mutane suka saba bi, domin babu mai ɗauke da dami da zai yi zagayen kilomita guda don ya hau gada.

Ɗaya haɗarin a hankali yake zuwa. Gidan mai ya buɗe a bakin sabon titi, sai gidan abinci, sai shaguna, sai gidaje, kowa ya fasa tasa ƙofar kai tsaye zuwa kan kwalta. Cikin shekara ashirin kewayen ya zama tsakiyar gari. Ba sai mun je nesa ba: titin da ya taso daga shataletalen filin jirgi ya bi ta gefen Aboabo zuwa Anloga, har yau sunansa baifas na gabas, amma wa zai ce a bayan gari yake? Maganin wannan yana hannun majalisar gunduma, wadda dokar tsara ƙasa ta 2016 ta ba ikon ba da izinin gini: a hana gini a cikin iyakar titi, a yi ƙaramin titi a gefe wanda shaguna za su fuskanta, a taƙaita wuraren shiga.

Me ya rage a nema yanzu?

Ayyukan huɗun ba su tafi da saurin da aka yi alkawari ba, kuma a 2025 gwamnatin Shugaba John Mahama ta bayyana shirin gina sabuwar babbar hanyar gudu daga Akra zuwa Kumasi a kan sabon layi, ƙasa da kilomita 200. In ta tabbata, to ba gari ɗaya za a kewaye ba, duk jerin garuruwan ne a lokaci guda. Abin da ke faruwa a Konongo da Anyinam yau, gobe zai iya zama labarin kowane zango daga Nsawam zuwa Ejisu.

A inda aka riga aka kafa turaku, layin ya tafi, amma abubuwa da dama suna nan a buɗe. Na farko a wurina shi ne wurin tsayawa na hukuma kusa da mahaɗar kowane gari: fili mai faɗin da tirela za ta shiga ta juya, da ruwa, bayan gida, fitila, masallaci da rumfuna. Wanda ya taɓa tsayawa a wurin hutun matafiya na Bunso, a kan wannan hanya, ya ga cewa matafiyi yana kashe kuɗi in aka ba shi wurin da zai sauka cikin natsuwa. Sai dai rumfunan kada su tafi ga mai ƙafa a majalisa. A rubuta sunayen masu sana'ar tsohon titi tun yanzu, kafin a buɗe sabon, su ne za su fara samu. Wannan rajista ba sai an jira gwamnati ba. Sarkin Zango, limamai, shugabannin mahauta, ƙungiyar direbobi da shugabar mata 'yan kasuwa za su iya yin ta cikin mako biyu, su kai wa wakilin unguwa da shugaban gunduma da sa hannu.

Sai tsohon titin kansa. In manyan motoci suka bar shi, hankalin hukuma ma yakan bar shi, ramuka su cinye shi, sannan ko mai niyyar ratsewa ya fasa. A nemi a rubuta wanda zai riƙa gyara shi, a kuma gyara shi kafin ɗan kwangila ya kwashe kayansa. A nemi allo tun kafin mahaɗa mai nuna cewa akwai mai, abinci, masallaci da bakanike a ciki.

Wanda kuma layi ya ci gonarsa ko gidansa, ya tsaya da ƙafarsa ranar ƙidaya, ya ɗauki hoton kowane itace da kowane ɗaki da wayarsa, ya karɓi kwafin takardar da aka cika, ya shigar da buƙatarsa cikin wa'adin da sanarwar ta ɗiba. Mai noman abusa ko abunu ya je wurin mai gonar tun yau, da shaidu biyu, a rubuta yadda za a raba kuɗin shuka in ya fito. Magadan gidan Zango su zauna su fitar da mutum ɗaya da zai tsaya musu, su rubuta, kowa ya sa hannu, har da waɗanda ke Nima da Madina.